Kafin a Shiga Fili, a Ɗumama Jiki

Matasanmu na Bauchi, musamman masu buga ƙwallo da sassafe a filayen unguwa, daga Yelwa har Fadaman Mada, ku ba ni aron kunnuwanku. Sau da yawa yaro zai sauka daga babur, ya ɗaure takalmi, ya faɗa fili da gudu. Kafin minti biyar ya dafe gwiwa yana haki, abokai su ce ba shi da ƙarfi. Ƙarfin yana nan, jikin ne ba a shirya ba.

Tsoka ba ta jure aiki sai da iskar oksijin, jini ne kuma ke ɗauko ta daga huhu. Idan mutum yana zaune, zuciyarsa na tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya; idan gudu ya yi tsanani takan kai lita 20 ko fiye. Wannan hawan ba nan take yake faruwa ba. Sai an ɗauki minti 2 zuwa 3 kafin iskar da ke isa tsoka ta kai yadda ake buƙata. Kafin nan tsoka bashi take ci, tana aiki ba da isasshiyar iska ba, shi ya sa ƙafa ke nauyi, numfashi ya sarƙe.

Ɗumama jiki ke rage wannan bashin. Bugun zuciya ya riga ya tashi, ƙananan hanyoyin jinin cikin tsoka sun buɗe, jini mai ɗumi kuma ya fi saurin sakar wa tsoka iskar da ya ɗauko. Ba ƙara wa huhu girma yake yi ba, iskar ce take isa da wuri. Wanda ya taɓa zuwa kallon Wikki Tourists a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ga 'yan wasa na fitowa tun kafin a busa usur. Ba burga suke yi ba.

Minti 10 zuwa 15 sun isa: tafiya da sauri, sassarfa, wurga ƙafafu da hannuwa, sannan ɗan gajeren gudu, har gumi ya fara tsattsafowa amma kana iya magana. In ka gama kada ka zauna doguwar hira, ɗumin zai tafi. Lokacin hunturu a ƙara mintuna, domin sanyi da ƙura sukan tayar wa masu asma ciwonsu; su zo da abin shaƙarsu.

Iyayenmu masu hawan jini ko ciwon suga da suka fara motsa jiki, don Allah ku fara a hankali, bayan shawarar ma'aikacin lafiya. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri, ya tsaya nan take a kai shi asibiti.