Injin buga rasit ba ya shan tawada

A shagunan tura kuɗi na Damagaram, da rubutun rasit ya dushe sai ka ji an ce tawada ta ƙare, har a aiki yaro Kasuwar Dole neman ta. Alhali babu ɗigon tawada a cikin wannan inji.

Takardar ce aka shafa wa sinadarin da ke baƙi idan ya ji zafi. A kan injin, wato ɓangaren da ke taɓa takardar, akwai ƙananan ɗigogi masu ɗaukar zafi a jere, 8 a kowace milimita, 384 a injin takarda mai faɗin milimita 58. Kowanne yana zafi na ɗan ƙiftawar ido, ya bar tabo. Idan da yawa suka kunnu tare, wuta suke ja sosai. Shi ya sa batir mai rauni ko cajar da ba tasa ba ke sa rubutu ya kodde. Manyan injinan kanti galibi volt 24 suke so, kada a haɗa musu ko wace caja.

Akwai na'urar auna zafin kan injin, wadda ke tsayar da bugu idan ya yi yawa, abin da ke faruwa a bazararmu. Wata kuma da haske take gane takarda, ƙura na ruɗa ta ta ce babu. A kashe injin, a goge ta a hankali.