Zuƙowa da Tace Gurɓataccen Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Zuƙowa da tacewa hanya ce ta tsabtace ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya gurɓace. Ana haƙa rijiyoyin burtsatse, a jawo ruwan zuwa sama da famfo, a raba shi da gubar da ke cikinsa, sannan a mayar da shi ƙasa ko a sake shi cikin kogi. Ta yaɗu a Amurka bayan dokar Superfund ta 1980, wadda ta tanadi gyara wuraren da aka zubar da shara mai guba.

Idan famfo ya fara ja, ruwan da ke kewaye da rijiyar yakan riƙa gangarowa zuwa gare ta. Don haka ake jera rijiyoyin a kan hanyar gurɓataccen ruwan, su tare shi kafin ya isa rijiyoyin sha. Sinadarai masu saurin zama tururi, kamar TCE da ake wanke maiƙo daga jikin ƙarfe da shi, ana fitar da su ta hanyar hura wa ruwan iska a cikin doguwar hasumiya, ko a bi da shi ta cikin gawayi na musamman.

Tare guba abu ne da tsarin ya ƙware a kai, amma kawar da ita ƙarƙaf wani zance ne daban. A shekarun farko gubar da ake zuƙowa takan ragu da sauri, daga nan ta tsaya cak. A kashe famfo kuma, sai ta sake hawa. TCE ya fi ruwa nauyi, yakan nutse ya maƙale cikin yumɓu da tsagogin dutse, yana narkewa kaɗan-kaɗan har shekaru gommai. Kuma ɗan kaɗan ya isa ɓarna: iyakar da Amurka ta sa masa a ruwan sha maikurogiram 5 ce a kowace lita. A 1994 wani kwamitin masana na ƙasar ya duba wurare 77 da ake wannan aiki, ya tarar ƙalilan ne suka cimma burin tsabtacewa.

Shi ya sa yanzu akan haɗa tsarin da wasu dabaru, kamar binne katangar garin baƙin ƙarfe da ruwan zai ratsa, ko ciyar da ƙananan halittu irin su bakteriya masu ruguza gubar. A Hanford, jihar Washinton, inda aka sarrafa fulutoniyam na makaman nukiliya, babbar tashar zuƙowa da tacewa tana aiki tun 2012.