Rage Kwararar Mai Zuwa Roka a Injin Ford FE

Rage kwararar mai zuwa roka gyara ne da makanikai ke yi wa wasu tsofaffin injuna masu silinda takwas da aka jera layi biyu cikin siffar V, inda ake ƙuntata hanyar da baƙin mai ke bi ya hau saman inji domin kaso mafi tsoka ya tsaya a ƙasa, wurin metal ɗin karanshaf, wato shimfiɗar ƙarfen da babbar sandar inji ke juyawa a kai. Roka ƙarfe ce mai lilo a kan top silinda: sandar turi ta ɗaga gefe ɗaya, ɗaya gefen ya danna bawul ya buɗe. Injin da aka fi sani da wannan gyara shi ne FE, wanda kamfanin Ford ya ƙera a Amurka daga 1958 zuwa 1976, kuma daga cikinsa akwai samfurin 352 da 390 da 427 da 428.

A injin FE, rokokin kowane gefe suna jere a kan sanda guda mai rami a ciki. Mai yana tasowa daga mazaunin kamshaf, wato sandar da ke motsa sandunan turi, ya ratsa jikin inji da top silinda, ya shiga sandar ta ƙarƙashin ɗaya daga cikin ƙafafun da ke riƙe da ita. Faɗin wannan hanya ya wuce abin da rokokin ke buƙata, kuma idan sandar ta ci, mai yana ƙara tsiyaya ta gefen kowace roka. Da inji ya ɗauki gudu sosai, famfo yana tura mai sama fiye da yadda ramukan magudana ke iya mayar da shi, sai ya taru a ƙarƙashin murfin bawul yayin da man kwanon ƙasa, wanda galibi bai kai lita 5 ba, ke raguwa. Idan famfo ya zuƙi iska, metal ne ke fara ƙonewa.

Gyaran ba shi da tsada. Ana cire sandar roka, a sa toshiya mai ƙaramin huji a ramin man da ke top silinda, kuma makanikai da yawa jet ɗin kafireton kamfanin Holley, wato ɗan ƙarfe mai huji da ke auna fetur, suke sawa, saboda yana zama daidai a ramin. Faɗin hujin yakan kasance tsakanin milimita 1.5 da 2.3. Kafin a tayar da inji, ana juya famfon mai da injin huda ta gurbin distiributa, murfi a buɗe, a ga mai yana ɗiga daga kowace roka har ta ƙarshe.

Matse hujin fiye da kima ganganci ne, domin man da ke hawa sama shi ne ke sanyaya sifirin ɗin bawul, kuma ɗan datti kaɗan ya isa ya toshe huji ƙanƙane. Motar da ba a tsere da ita, in sandunanta ba su ci ba kuma magudananta a buɗe suke, sau da yawa ba ta buƙatar gyaran.

Ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fito a 1955, tsarinsa daban ne, domin mai yana hawa ta cikin tafet, wato ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da sandar turi, da kuma sandunan turi masu rami, ana kuma sa toshiyar a bayan inji, a hanyar da ke ciyar da tafet. Saboda haka ba a yi wa injin Chevrolet mai tafet irin na mai, wato wanda sai da matsin mai yake aiki, wannan gyara, alhali a FE hanyar roka daban take da ta tafet.