Wa doka ta yarda ya kira kansa ƙwararren mai gyaran aure?

Yanzu a Gusau duk wadda ta sayi waya mai kyamara ta buɗe TikTok sai ka ji ta zama mai gyaran aure, kuɗin shawara daban, kuɗin kayan mata daban. To akwai doka fa. A 2022 Buhari ya sa hannu kan dokar da ta kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara ta Nijeriya, abin da ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, wato CASSON, ta daɗe tana nema. Aikin majalisar shi ne ta tsaida irin karatu da ƙwarewar da mutum zai kawo kafin a yi mai rajista, ta riƙe sunayen waɗanda suka cancanta, ta sa ido kan aikinsu, kamar dai yadda likitoci ke da tasu majalisar.

Kar wani ya ce an hana sulhu. Kawu da waliyyi su zaunar da ma'aurata, wannan umarni ne tun daga aya ta 35 a Suratun Nisa'i, dokar ga da masu maida abin sana'a take magana.

Ni inda na fi damuwa shi ne mene ne ƙwarewar ma. Na farko riƙon sirri, mace ta zo da kukanta ta faɗa ma mai gyaran aure abin da ko uwarta ba ta sani ba, washegari ta tarar da labarin a bidiyo wai an ɓoye suna, alhali duk 'yan layinsu sun gane ita ce, har kishiyar ta tura ma dangin miji. Wanda ya karanci aikin ba ya haka, kuma ba ya yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya.

Sai sanin iyaka. Maijego da ta daina barci, kullum kuka, ba ta son ko ɗaukar jaririn, ba "ki yi haƙuri, aure ibada ne" take buƙata ba, likita take buƙata, in ta kama har asibitin ƙwaƙwalwa na Kware can Sakkwato. Haka in duka ya shigo, fuska a kumbure, magana ta wuce turaren wuta, tsaron ranta ne kan gaba.

Kafin ki tura kuɗi a akawun, tambayi mai gyaran auren ina ta yi karatun kuma ina shaidar rajistarta. In ta hau ki da faɗa ki riƙe kuɗinki.