Ƙaramar rokar gwaji

Ƙaramar rokar gwaji roka ce da ake haɗawa da hannu daga kwali, roba da katako marar nauyi, a harba ta sama da ɗan injin da aka yi a masana'anta, ta sauko da laima, a sake harba ta. Ba makami ba ce, kuma ba irin wasan wutar da yara ke fasawa da salla ba ce: ba a yin jikinta da ƙarfe, ba a kuma sa mata abin fashewa. Ta masu koyo ba ta cika wuce kamu biyu a tsawo ba, amma tana iya kai mita 100 zuwa 300 a sama.

Asali

An fara wannan harka a Amurka. A 1954 Orville Carlisle, mai sayar da takalma a jihar Nebraska, shi da ɗan'uwansa Robert, suka ƙera ɗan injin da ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, a 1957, samari da yawa suka shiga cusa sinadarai cikin bututun ƙarfe a gidajensu, wasu suka rasa yatsu da idanu, wasu suka rasa rai. G. Harry Stine, wanda ya yi aiki a filin gwajin rokoki na White Sands, ya ga cewa injin Carlisle ne mafita: a bar wa masana'anta haɗa albarushi, yaro ya tsaya kan kwali da lissafi. A 1957 aka kafa ƙungiyar masu harba irin waɗannan rokoki ta Amurka, da ake kira NAR, wadda ta tsara ƙa'idojin kiyaye haɗari. A 1958 Vern Estes ya buɗe kamfaninsa a Colorado, ya ƙera na'urar da ke cika injinan da kanta, farashi ya sauko.

Sassa da haɗawa

Kunshin masu koyo yana zuwa da bututun kwali, da hanci mai tsini, da fikafikai uku ko huɗu, da mazaunin inji, da igiyar roba mai riƙe hanci, da laima ko dogon ƙyallen leda. Akwai kuma wani ɗan siririn bututu da ake mannawa a gefe, wanda sandar harbi ke shiga ciki. Kayan aiki kaɗan ne: gam ɗin katako, reza, sanfefa, fensir da abin awo.

A fikafikai ake gane mai haƙuri. Idan na balsa ne, wato katakon nan marar nauyi, dole jijiyar katakon ta bi gefen gaba na fiffiken, in ba haka ba ya karye a saukar farko. A shata layi a miƙe, a manna ɗaya, a bar shi ya bushe kafin a taɓa na biyu, sannan a bi gindin kowanne da ƙarin gam. Fiffike ɗaya karkatacce ya isa ya sa rokar ta riƙa murɗawa.

Abin da ya fi komai shi ne daidaito. Roka tana da cibiya biyu: inda nauyinta ya taru, da inda turin iska ya taru. Dole cibiyar nauyi ta kasance a gaba, da tazarar da ta kai aƙalla faɗin bututun sau ɗaya, kamar kibiyar maharbi wadda ƙarfen bakinta ke jan gaba. Ana gwada wannan ba tare da an kunna komai ba: a sa inji, a ɗaura zare a daidai inda rokar ta tsaya a kan yatsa, a yi ta wulwula ta. In hanci ya ja gaba, ta yi. In ta juya baya ko ta yi ta tangaɗi, a ƙara ɗan nauyi cikin hanci. James Barrowman na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya fitar da lissafin wannan a shekarun 1960, kuma malamin kimiyya zai samu darasi mai kyau a ciki.

Inji

Injin da aka fi sani bututun takarda ne mai kauri, faɗinsa milimita 18, tsawonsa 70. A ƙasa akwai mafitar wuta ta yumɓu, sai albarushin turi, sai wani mai ci a hankali yana hayaƙi, sai na ƙarshe mai ture hanci da laima waje. Rubutun jikinsa yana faɗin komai. A B6-4, harafin yana nuna jimillar ƙarfi, kuma kowane harafi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi: A na kai nyuton-daƙiƙa (ma'aunin jimillar turi) 2.5, B 5, C 10. Lamba 6 matsakaicin turi ne, 4 kuma daƙiƙoƙin jira kafin laima ta fito. A harbin farko, ƙaramin injin da takardar kunshin ta ambata shi ne daidai. Tsakanin inji da laima ana cusa takarda ta musamman da wuta ba ta ci. Takardar littafi ba ta maye gurbinta.

Harbi a ƙasar Damagaram

Ƙa'idojin NAR sun ce da lantarki ake kunnawa, da doguwar waya da makullin da ake zarewa, kowa ya ja baya kamar mita 5, a ƙirga da ƙarfi kafin a danna. In inji ya ƙi kamawa, a zare makulli a jira daƙiƙa 60. Kada sandar harbi ta karkata fiye da digiri 30 daga tsaye, kada iska ta wuce kilomita 32 a awa. Faɗin fili mita 30 ne ga injin A, 60 ga B, 120 ga C.

A Zinder fili ba ya wuya, lokaci ne abin lura. Da hunturu iska na kaɗawa daga arewa maso gabas, takan yi ƙarfi da hantsi ta lafa da yamma. Roka kan sunkuya ta fuskanci iska yayin tashi, laima kuma ta kwashe ta can nesa, hazo ya ɓoye ta. A irin wannan rana ƙyallen leda ya fi laima. Babban haɗari shi ne gobara. Bayan an yanke gero, gonaki cike suke da kara da busasshiyar ciyawa, ga rumbuna da dangar zana a kusa, kuma wannan ciyawar ita ce abincin dabbobin wani har damina. Fako ko rairayi tsirara ake nema, a share kewayen sanda, a sa farantin ƙarfe a ƙarƙashi, a ajiye bokitin ruwa. Duwatsun da suka cika gari kuwa suna karya fikafikai. Zafin bazara, da kan haura digiri 40, yana iya tsaga albarushin inji har ya fashe a kan sanda, don haka ba a barin sa cikin mota ko ƙarƙashin rufin kwano.

A nisanci filin jirgin sama da barikin soja da wayoyin lantarki. A halin tsaron da Sahel ke ciki, duk abin da ya tashi sama da ƙara da hayaƙi zai tayar da hankali. Malamin lakwal ko shugaban ƙungiyar matasa ya fara neman izinin hukuma a rubuce, ya sanar da mai unguwa ko mai gari da mai gonar.

Rokar ruwa

Injinan nan suna cikin kayan da ake lissafa wa masu haɗari wajen sufuri, ba a aiko su ta jirgi kamar sauran kaya. Wannan kan sa wani ya yi tunanin cika bututu da albarushin bindigar mafarauta. Kada a kuskura; daidai abin da ya nakasa samarin shekarun 1950 ke nan. Hanyar da ta dace ita ce rokar ruwa: robar lemo mai gas, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe baki, a hura iska da famfon keke. Iskar da aka matse tana feso ruwa ƙasa, robar ta tashi mita gommai. Fikafikai, nauyin hanci da gwajin zare duk iri ɗaya ne da na mai inji. Ba a amfani da kwalbar gilashi ko robar da ta tsage, kuma ba mai leƙa ta daga sama bayan an fara hura iska.