Taya mai tauri ba ta rairayi ba ce

Har yanzu a tashar Maradi za ka ji ana cewa wai mai tafiya hamadar Tenere ya cika taya da iska tam don kar mota ta kafe. Wallahi akasin haka ne. Taya mai tauri tona rami take yi, kana ba ta wuta tana ƙara nutsewa. Direbobin Hilux masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma sace iskar suke yi, wani lokaci har kusan rabi, sai tayar ta baje ta hau saman rairayi kamar tafin raƙumi. Amma fa banda shan kwana da gudu, tayar na iya zarewa daga rim. Kuma da an iso wurin duwatsu ko kwalta a mayar da iska, shi ya sa ba a barin famfo a gida.