Sopwith Camel

Sopwith Camel ƙaramin jirgin saman yaƙi ne na Birtaniya, mai fikafikai hawa biyu da mazaunin mutum ɗaya, wanda ya yi aiki a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kamfanin Sopwith ne ya ƙera shi, Herbert Smith ya jagoranci zanensa, kuma Harry Hawker ya fara tashi da shi a filin jirgin sama na Brooklands, a Ingila, ranar 22 ga Disamba, 1916. Ya shiga fagen daga a watan Yunin 1917. An ƙera guda 5,490, ana kuma danganta masa kakkaɓo jiragen abokan gaba 1,294. Matuƙa ne suka laƙaba masa sunan Camel, wato raƙumi, saboda murfin bindigoginsa ya yi tudu kamar tozo.

Gangar jikinsa katako ce da aka lulluɓe da yadi. Yana ɗauke da bindigogi biyu ƙirar Vickers a gaban matuƙi, an daidaita harbinsu da juyawar farfela don kada harsashi ya sare ta. Gudunsa ya kai kimanin kilomita 185 a sa'a.

Inda jirgin ya bambanta shi ne injinsa. Yawanci Clerget ne mai ƙarfin doki 130, irin wanda gaba ɗayansa yake juyawa tare da farfela. Inji, bindigogi, tankin mai da matuƙi duk an cusa su a gaba, wuri guda. Wannan ya sa jirgin yake juyawa dama cikin ƙiftawar ido, hancinsa na dukawa ƙasa, amma hagu sai a hankali, hancin na ɗagawa. A hannun gwani wannan makami ne, don da wuya abokin gaba ya iya binsa a kwana. Ɗan koyo kuwa, in ya yi sakaci wajen daidaita mai jim kaɗan bayan tashi, sai injin ya shaƙe, jirgin ya riƙa wulwulawa har ƙasa. Da yawa sun mutu haka tun ba su ga Bajamushe ba, abin da ya sa daga baya aka yi masu kujera biyu don horaswa. Ga man zurma da injin ke fesa wa matuƙi a fuska, ga sanyi, kuma ba a ba matuƙan Birtaniya laimar sauka ba.

Manyan gwanayensa biyu 'yan Kanada ne. Donald MacLaren ya samu nasara 54 a cikin Camel. William Barker ya kakkaɓo jirage da balan-balan na leƙen asiri 46 da jirgi guda, mai lamba B6313, akasari a fagen daga na Italiya. Wani ɗan Kanada mai tuƙa Camel, Roy Brown, shi aka ce ya harbo Manfred von Richthofen, shahararren matuƙin jirgin yaƙin Jamus, ranar 21 ga Afrilu, 1918, kusa da kogin Somme, sai dai yawancin masana tarihi a yau sun fi karkata ga cewa sojojin Ostareliya ne suka same shi daga ƙasa.

Sojojin ruwa ma sun yi amfani da shi. A 19 ga Yuli, 1918, guda bakwai suka tashi daga jirgin ruwan HMS Furious suka ƙona jiragen Zeppelin biyu, wato manyan jiragen Jamus masu kama da balan-balan, a sansaninsu na Tondern. Zuwa tsakiyar wannan shekara sababbin jiragen Jamus, musamman Fokker D.VII, sun fi shi gudu da hawa sama, don haka aka ƙara karkata shi ga kai hari kan sojojin ƙasa, daga baya kuma sabon jirgi Sopwith Snipe ya fara maye gurbinsa.